Gana, ƙasar da ake zuwa ganawa

Duk wanda ke sauraren labaran duniya a rediyo, ko da a tsaitsaye ne kafin a tafi makaranta, ya sha jin an ce an buɗe taron kaza a birnin Akra. Yau ministocin kuɗi ne, gobe likitoci, jibi kuma shugabannin ECOWAS ne suka yi zaman gaggawa, kamar yadda suka riƙa yi a can a 2021 da 2022 lokacin da sojoji suka ƙwace mulki a Mali da Gini da Burkina Faso. Gana ba ta fi kowa girma ba. Ƙidayar 2021 ta nuna mutanenta sun kusa miliyan 31, ba su kai kashi ɗaya cikin shida na mutanen Nijeriya ba. Ba ta kuma fi kowa arziki ba. To me ya sa baƙi ke yawan shimfiɗa tabarmarsu a can? Ruwa dai ba ya tsami banza.

Ku ma kuna da alaƙa da wannan birni ko ba ku sani ba. Hukumar WAEC, wadda sunanta kaɗai ke sa gaban ɗan aji shida ya faɗi, an kafa ta ne a 1952, kuma babbar hedikwatarta tana Akra. Ofishin Ƙungiyar Jami'o'in Afirka ma a can yake.

Da farko ku san cewa karɓar taro sana'a ce, kamar noma ko dukanci. Ku ɗauka mutum dubu sun sauka a gari na kwana huɗu. Kowannensu zai kama ɗaki a masauki, zai ci abinci sau uku, zai hau mota, zai sayi kati ya kira gida, ranar tafiya kuma zai shiga kasuwa neman tsaraba. Akwai mai buga takardu, da mai ɗinka jakunkunan da ake raba wa mahalarta, da mai ɗaukar hoto, da mai haɗa lasifika, da tafinta. Yawancin waɗannan baƙi ba daga aljihunsu suke biya ba, ma'aikatarsu ce ke biya, don haka hannunsu ya fi na mai yawon buɗe ido sakewa. Shi ya sa ƙasashe ke takarar karɓar manyan taruka. Masu taron sukan turo wakilai su duba: jiragen sama nawa ke sauka a garin kullum, ɗakunan kwana nawa ake da su, shiga ƙasar na da wuya ko sauƙi, wuta na tsayawa, intanet na aiki, akwai asibitin kirki idan wani ya faɗi, sannan uwa uba, baƙo zai iya fita da dare ya dawo lafiya?

Gana ta fara wannan sana'a tun ba ta da manyan masaukai. Ta samu 'yancin kai daga Ingila ranar 6 ga Maris 1957 a ƙarƙashin Kwame Nkrumah. Shekara ɗaya da 'yan makonni bayan nan, a watan Afrilun 1958, ya gayyato ƙasashen Afirka masu mulkin kansu zuwa Akra. Takwas ne suka zauna: Gana, Habasha, Laberiya, Libiya, Maroko, Sudan, Tunisiya da Masar. Ku dubi taswirar Afirka ta yau mai ƙasashe sama da hamsin, sannan ku sake ƙirga waɗannan takwas.

A watan Disamba na wannan shekarar aka yi wanda ya fi shi tasiri, wato taron al'ummomin Afirka baki ɗaya. Wannan karon 'yan gwagwarmaya ne da shugabannin ƙungiyoyin ƙwadago daga ƙasashen da Turawa ke riƙe da su suka hallara, mutum sama da 300. Wanda ya shugabanci zaman wani matashi ne ɗan Kenya, Tom Mboya, yana da shekara 28. Likitan nan Frantz Fanon ya zo a madadin masu yaƙin 'yancin Aljeriya. Daga Kwango kuma wani saurayi ya zo wanda ba a san shi sosai a waje ba, sunansa Patrice Lumumba. Da ya koma gida ya tara jama'a a babban birninsu ya ce 'yanci suke so, kuma kafin a cika shekara biyu ya zama firaminista. A ganina wannan shi ne jarin farko da Akra ta zuba. Mutanen da suka kwana a can a 1958 sun koma sun zama shugabanni da ministoci, kuma ba su manta garin da ya buɗe musu ƙofa lokacin da ba su da ko tuta ba.

Amma labarin da na fi so ku riƙe shi ne na 1965. A shekarar ce Gana ta karɓi taron shugabannin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, OAU, wadda ta haifi Tarayyar Afirka ta yanzu. Nkrumah ya sa aka gina wani katafaren bene saboda wannan taro kaɗai, wanda har yau ake kira Job 600. An kashe maƙudan kuɗi a lokacin da farashin koko, abin da ƙasar ta dogara da shi, ya faɗi warwas a kasuwar duniya, talakawa kuma na layin sayen kayan masarufi. Aka gama gini, aka share gari, sai wasu daga cikin maƙwabta suka ce ba za su zo ba. Cikinsu har da Kwaddibuwa da Nijar. Dalilin Nijar a fili yake: jagoran jam'iyyar Sawaba, Djibo Bakary, yana gudun hijira a Gana tare da mutanensa, kuma a watan Afrilun wannan shekarar an jefa wa Shugaba Diori Hamani gurneti a filin sallar idi a Yamai. Diori ya tsira, amma ya ɗora laifin a kan waɗanda Akra ke ba mafaka. Wa zai je cin tuwo gidan da yake zargin an ɓoye mai neman ransa? Aka yi taron a watan Oktoba da kujeru babu kowa a kansu. Wata huɗu bayan nan, ranar 24 ga Fabrairun 1966, sojoji suka kifar da Nkrumah yana kan tafiya a ƙasar Sin. Benen yana nan, yanzu ofisoshin 'yan majalisar dokoki ne.

Hausawa sun riga sun faɗa, shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Na kawo wannan labari ne domin har yau akwai masu mulki a wannan yanki namu da ke zaton da zarar an gina zauren taro mai gilasai, baƙi za su yi ta kwarara. Zaure na da amfaninsa, Gana ma ta sake gina wani a 1991 don taron ministocin ƙasashen 'yan ba-ruwanmu, kuma a cikinsa aka yi taron Tarayyar Afirka na 2007. Sai dai abin da ya cika wannan zaure da mutane ya faru ne a rumfunan zaɓe. Tun daga tsarin mulkin 1992 soja bai sake karɓar mulki a Gana ba. A zaɓukan 2000 da 2008 da 2016 da 2024 jam'iyya mai mulki ta sha kaye, ta kuma miƙa mulki. A 2008 ratar ba ta kai ƙuri'a dubu hamsin ba, duk da haka wanda ya faɗi ya haƙura. Mai shirya babban taro yakan tsayar da rana tun shekara biyu ko uku kafin lokaci. Abin da yake nema shi ne garin da zai iya rantsuwa cewa ranar da ya sa ba za a wayi gari da dokar hana fita ba.

Sai batun ƙofa. A 2016 Gana ta ba duk ɗan Afirka damar karɓar bizarsa a filin jirgi idan ya sauka, maimakon ya yi ta sintiri a ofishin jakadanci. A 2018 ta buɗe sabon ɓangare a filin jirgin saman Akra. Da aka zo neman inda za a ajiye ofishin yarjejeniyar ciniki marar shinge ta nahiyar Afirka, AfCFTA, ƙasashe da dama sun nema, amma a taron da aka yi a Yamai a watan Yulin 2019 Gana aka ba. Abin ya ba ni sha'awa: garin da shugabansa ya ƙi zuwa Akra a 1965, a cikinsa aka zaɓi Akra bayan shekara 54. Ofishi irin wannan kuwa kamar rijiya ce a bakin hanya, kullum akwai mai zuwa.

To an tashi daga taro ranar Alhamis, jirgin baƙo sai Lahadi. Ina zai je? Nan ne Gana ta fi nuna wayo.

Tafiyar kamar awa uku yamma da Akra, a bakin teku, akwai garuruwan Cape Coast da Elmina. Turawan Fotugal ne suka gina ganuwar Elmina a 1482, tun Kolumbus bai tsallaka zuwa nahiyar Amurka ba. Zinariya ce ta fara kawo su. Daga baya Turawan Holan suka ƙwace ta a 1637, sannan ta koma hannun Ingilishi a 1872. A tsakanin nan ɗakunan ajiyar kaya sun zama kurkukun bayi. A nan ake cusa ɗaruruwan mutane cikin duhu, makonni ko watanni, a inda suke kwana nan suke bayan gida, har jirgin ruwa ya zo. A Cape Coast, a saman kurkukun maza daidai aka yi ɗakin ibadar Turawan. Daga ƙarshe a fitar da mutane ta wata 'yar ƙofa da ke kallon teku, wadda ake kira ƙofar da ba a dawowa. Hukumar UNESCO ta sa waɗannan gine-gine cikin kayan tarihin duniya a 1979, Barack Obama kuma ya kai iyalinsa Cape Coast a 2009.

Wata ƙasar da ta rufe wurin ta ce abin kunya ne, ko ta bar shi ya rushe. Gana ta gyara, ta horar da masu yi wa baƙi bayani, sannan ta aika wa jikokin waɗanda aka fitar ta wannan ƙofa cewa su zo gida. A 2019, shekara 400 daidai da kai 'yan Afirka na farko yankin Bajiniya a 1619, gwamnatin Nana Akufo-Addo ta yi shelar shekarar dawowa gida. Baƙaƙen fata daga Amurka da tsibiran Karibiyan da Birtaniya suka yi ta zuwa, wasu har aka ba su takardar zama 'yan ƙasa. Dama akwai tushe: masanin nan ɗan Amurka W.E.B. Du Bois a Akra ya ƙare rayuwarsa a 1963, kabarinsa na can ana ziyarta. Tun daga lokacin, watan Disamba ya zama kakar Akra, ga bukukuwan kaɗe-kaɗe ga masu zuwa ganin tushensu.

Wanda zuciyarsa ta yi nauyi a Elmina, kusa da nan akwai dajin Kakum, inda aka ɗaura gadoji bakwai na igiya daga bishiya zuwa bishiya, sama da mita talatin daga ƙasa. Mai jin jiri ya tsaya a ƙasa ya riƙe wa mutane jakunkuna. A Kumasi akwai fadar Sarkin Asante da kasuwar Kejetia. Can arewa akwai gandun dajin Mole, inda ake bin mai gadi a ƙafa a je a ga giwaye, kusa da shi kuma ga tsohon masallacin ƙasa na Larabanga, wanda duk Bahaushen da ya gan shi zai ji kamar ya san maginin.

Da muka iso arewa kuwa mun iso inda labarin ya shafe mu kai tsaye. Kakanninmu sun san hanyar Gana tun kafin a raɗa mata wannan suna. Su Gwanja suke cewa. Ayari kan tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato a bayan madugu, da jakuna ɗauke da kanwa da fatu da tufafin rini, a yi watanni ana tafiya har kasuwar Salaga, a sayo goron da ake kawowa daga dazuzzukan Asante. Goron da ake rabawa a ɗaurin aure da suna, wanda har ya sa muke kiran tukwici goro, da yawansa ta wannan hanya ya riƙa zuwa. Alhassan Ɗantata, kakan mahaifiyar Aliko Ɗangote, da fataucin goro a ƙasar Gana ya fara tara dukiyarsa kafin ya dawo Kano ya shiga cinikin gyaɗa. Malamin nan kuma mawaƙi, Alhaji Umaru, haifaffen Kano ne, ya zauna a Salaga, ya rasu a Kete Krachi a 1934.

Akwai ɓangaren da ba a cika faɗa mana ba. Salaga kasuwar bayi ce ita ma, ɗaya daga cikin manya a yankin, kuma cikin kayan da ayarin Hausawa ke kaiwa can har da mutane. Har yau ana nuna wa baƙi rijiyoyin da aka ce a nan ake wanke bayi kafin a kai su kasuwa. Ɗalibin da ya je Elmina ya zubar da hawaye a kan abin da Bature ya yi, ya kamata ya ƙarasa Salaga ya ga namu kason.

Inda ayari ke sauka shi ne zango, kuma sunan ya zauna. Kusan duk wani babban gari a Gana yana da unguwar da ake kira zongo, inda Hausa ce harshen kasuwa da masallaci ko da mutum Badagombe ne ko Bamoshe ko Bazabarme. A Akra akwai Nima da Mamobi da Sabon Zongo. Tsofaffinmu ma ba Akra suke cewa ba, Ankara suke cewa, kada ku rikita ta da ta Turkiyya. Babban limamin ƙasar, Shaikh Usman Nuhu Sharubutu, da Hausa yake wa'azi. A 2019, yana cika shekara 100, ya je cocin Katolika a Akra ranar bikin Ista ya zauna tare da su, hoton ya zagaye duniya. Mai neman sanin dalilin da ya sa baƙi ke sakin jiki a ƙasar, ya ƙara wannan a lissafi.

Abincinsu ma zai ba ku dariya. Shahararren abincin safe a Akra sunansa waakye, wato shinkafa da wake ce aka gutsure sunan. Akwai Hausa koko da koose, kun dai gane koko da ƙosai. Akwai tuo zaafi, tuwon zafi ke nan. Manyan baƙi na cin su a masaukai masu tsada ba su san sunan daga ina ya fito ba. Hausarsu kuwa ba ta cika bambanta namiji da mace ba, za ka ji an ce "matata ya zo". Kada ku yi musu dariya, su ma tamu tana ba su mamaki. Rigimar wa ya fi iya dafa-duka tsakaninmu da su kuma ba zan sa baki ba, tunda mutanen Senegal na gefe suna cewa dukkanmu a wurinsu muka koya.

Kada ku ɗauka aljannar duniya nake ba ku labari. A watan Disamban 2022 Gana ta dakatar da biyan yawancin bashin da ake bin ta a waje, hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin ɗari, sai da ta je wurin Asusun Lamuni na Duniya, IMF, ta karɓi rancen dala biliyan 3 a 2023. Su ma sun san ɗauke wuta, har suna suka ba ta, dumsor, wato kashe-kunna a harshen Twi. Masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, da suke kira galamsey, sun mayar da koguna irin su Pra kamar kunun kanwa. Kuma kuɗin baƙi ba kowa yake kaiwa gare shi ba. Idan Disamba ta zo, masu gidajen haya da masaukai kan tsuga farashi da dala, ɗan gari mai albashin sidi ya koma ɗan kallo a garinsu. Mai tallar koko a Nima da mai babban masauki kusa da filin jirgi duk a Akra suke, amma ba damina ɗaya ke sauka a kansu ba.

Ƙofar ma ba kullum take a buɗe ba. A 1969 gwamnatin Kofi Busia ta kori baƙi marasa takardu, dubban 'yan Nijeriya da Nijar suka bar dukiyarsu suka fito, ciki har da waɗanda a zongo aka haife su. A 1983 Nijeriya ta yi irin nata, ta kori kusan mutum miliyan ɗaya 'yan Gana. Jakar nan mai layi-layi da kuke zuba kaya idan za ku koma makarantar kwana, daga wannan kora ta samo sunanta na Ghana Must Go.

Ga mai sha'awar wannan harka a cikinku, abin da na fi ganin ana nema shi ne harshe. Gana na amfani da Ingilishi, amma duk maƙwabtanta uku, Kwaddibuwa da Burkina Faso da Togo, Faransanci suke yi. Duk wani taron yanki sai an nemi masu fassara nan take, waɗanda ke zama cikin ɗan akwatin gilashi a bayan zaure, abin sauraro a kunne, mai jawabi na magana suna juyawa. Aikin na cin ƙwaƙwalwa har sai sun riƙa karɓar juna duk bayan kamar rabin awa, kuma ana biyansu da kyau. Ke da kike ɓuya a bayan aji idan malamin Faransanci ya shigo, da kai da kake ganin Larabci na 'yan Islamiyya ne kawai, ku sake tunani. A 2022 Tarayyar Afirka ta karɓi Swahili cikin harsunan aikinta. Hausa ba ta shiga ba tukuna, kuma ranar da za a nemi shigar da ita, tambayar farko ita ce ina ƙwararrun masu fassarar.

Zuwa kuma ba shi da wuyar da kuke zato. Ɗan ƙasar ECOWAS ba ya buƙatar biza, yarjejeniyar 1979 ta ba shi damar zama har kwana 90. Fasfo ake nema, da katin nan mai ruwan ɗorawa na shaidar rigakafin shawara. Daga Legas jirgin sama kamar awa ɗaya ne. A mota kuwa sai an bi ta Seme a shiga Benin, a wuce Kwatano, a ratsa Togo ta Lome, a shiga Gana ta Aflao. Nisan bai kai kilomita 500 ba, bai kai Kano zuwa Maiduguri ba, amma iyakoki uku da shingayen jami'ai kan sa a wuni a hanya. Kuɗi ma sai an canza sau biyu, daga naira zuwa sefa, daga sefa zuwa sidi. Idan ƙungiyar tarihi ko ta muhawara ta makarantarku na tunanin inda za ta kai ziyara bayan jarrabawa, ku kai wa malaminku wannan shafi, ku fara da tambayar nawa ne kuɗin yin fasfo.